Ta yaya za a rage kuɗin gidaje da kayan gida na ma'aikatan gwamnati a ƙasashen waje?

Wani ma'aikaci a sashen mulki na wata ma'aikata ya aiko da wannan tambaya: "An ba ni mako uku in rubuta shawara kan yadda za mu rage abin da muke kashewa wajen hayar gidaje da sayen kayan gida na ma'aikatanmu da ke aiki a ƙasashen waje. Shugaban sashenmu ya fi karkata ga a zaftare kashi 10 cikin 100 na alawus ɗin gida na kowa da kowa. Shin wannan ce hanyar, ko akwai wadda ta fi ta?"

Malam, zaftare kashi 10 ita ce shawarar da ta fi sauƙin rubutawa, shi ya sa ita ce ke fara zuwa bakin kowane shugaba. Ni na yi shekaru ina riƙe da makullan gidajen ma'aikata a ofisoshin jakadanci, ni ke zama da masu gidaje, ni ke ƙirga kujeru da cokula ranar da mutum zai tashi. Abin da idona ya gani shi ne, mafi yawan kuɗin da ke zurarewa a banza a wajen canjin ma'aikata yake zurarewa, wato tsakanin ranar da wani ya kwashe nasa ya nasa da ranar da wanda ya gaje shi ya kwana a gidansa. Can ya kamata ka haska fitilarka.

Bari mu yi ɗan lissafi na misali, da watanni za mu yi shi don kada kuɗin wata ƙasa ya rikita mu. An tura jami'i aikin shekara uku, wata 36 ke nan na haya. Ya sauka da iyalinsa babu gida a shirye, sai aka kai su otal wata biyu, ɗaki biyu, kuma a ce abin da otal ke ci a wata ya ninka hayar gida sau biyu: hayar wata huɗu ta tafi. Dillali ya karɓi na wata ɗaya. Da zai tashi mai gida ya riƙe kuɗin ajiya na wata ɗaya, wai fenti da ƙofar kabad. An kira shi gida kafin wa'adin hayar ya cika, aka biya tarar wata biyu. Jimla wata takwas, sama da kashi 20 cikin 100 na dukkan hayar, ba a ma taɓo jigilar kaya da sayen sabbin kujeru ba. Zaftarewar da shugabanka ke so kuwa, abin da za ta ceto bai kai hayar wata huɗu ba, kuma daga aljihun ma'aikaci za ta fito. Takwas ɗin nan daga aljihun otal da dillali da mai gida za a ƙwato su.

Maganin farko shi ne gida ya zama na muƙami. Gwamnati ce za ta kama hayar da sunanta, ta shekara biyar ko fiye, mai muƙamin ya zo ya zauna, in ya tashi na bayansa ya shiga. Da zarar an yi haka dillali ya fita daga lissafi sai sau ɗaya, kuɗin ajiya yana nan inda yake, otal kuwa sai dai kwana uku ko huɗu kafin a gama shara da fenti. Amurka, wadda ke da tarin ma'aikata a waje daga hukumomi daban-daban, haka take yi a mafi yawan wurare: ofishin jakadanci na riƙe da rukunin gidaje, wani kwamiti na wakilan hukumomin ne ke raba su tun kafin mutum ya iso, kuma tun 1997 suke da tsarin da suke kira ICASS, wanda kowace hukuma ke biyan kasonta na hidimar gudanarwa gwargwadon amfanin da ta yi da ita. Abin koyi a nan ba yawan kuɗinsu ba ne. Jami'in shige da fice, da na tsaro, da na ciniki, duk hannu ɗaya ke kama musu haya. Inda kowace hukuma ke tura nata mutumin kasuwa, na sha ganin ma'aikatan ƙasa ɗaya suna tayin gida ɗaya, kowa na ƙara wa ɗan'uwansa farashi bai sani ba, mai gida na dariya a ciki.

Sai dai wannan tsari yana da nasa haƙori. Gidan da aka kama na shekara biyar, in aka bar muƙamin babu kowa wata shida, gwamnati ce ke biyan hayar iska. Saboda haka dole sashen da ke tura ma'aikata da sashen da ke kula da gidaje su riƙa duba kalanda ɗaya. Wata shida kafin mutum ya tashi ya kamata a san wanda zai gaje shi da yawan iyalinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma a ma'aikatu da yawa takardar tura mutum tana fitowa ne mako biyu kafin jirgi, sannan a yi mamakin kuɗin otal.

A takardar haya kuma akwai layuka kaɗan da suka fi duk wani ciniki na baki daraja. Na farko shi ne sharaɗin da ake kira na diflomasiyya, wanda ya ba mai haya damar fita da sanarwar wata biyu ko uku ba tare da tara ba in an sauya wa ma'aikaci wurin aiki, ko an rufe ofishin, ko dangantaka ta yi tsami. Kada ka yarda a sa hannu kan takardar da ba shi a ciki. A Beljiyam, alal misali, hayar gida ta al'ada ta shekara tara ce, kuma wanda ya fita a shekarar farko zai biya diyyar hayar wata uku, a ta biyu wata biyu, a ta uku wata ɗaya. Wanda bai san wannan ba ya sa hannu yana murna. Na biyu, a rubuta cewa ofishin na da ikon sauya mazaunin gidan ba sai an sake sabuwar yarjejeniya ba. Na uku, a ƙayyade yadda za a ƙara haya tun farko, kuma in dokar wurin ta yarda a biya da kuɗin ƙasar da gidan yake, domin hayar da aka ɗaura da dala a ƙasar da kuɗinta ke faɗuwa, mai gida kaɗai take yi wa rana. Na huɗu, gyaran rufi da famfo da na'urar ɗumama gida na mai gida ne, a rubuta shi ɓaro-ɓaro.

Kowace kasuwa da nata tarko, kuma wannan ne ya sa alawus na bai-ɗaya ke zaluntar wasu yana yi wa wasu gata. A Jamus doka ta hana kuɗin ajiya wuce hayar wata uku, kuma tun 2015 wanda ya ɗauko dillali shi ke biyansa, amma gidaje da yawa ana ba da su ne kicin ɗin fayau, babu kabad babu murhu, sai bututun ruwa a bango. Wanda zai zauna shekara uku in ya haɗa kicin da kuɗin gwamnati, ranar tashi ko ya cire ko ya sayar da asara, alhali gidan da ofis ke riƙewa shekara goma sau ɗaya za a haɗa. A Japan akwai kuɗin godiya ga mai gida, reikin, na wata ɗaya ko biyu, wanda ba a dawo da shi, ga kuma kuɗin sabunta yarjejeniya da ake yawan karɓa duk shekara biyu a Tokyo. A Dubai hayar shekara ake biya da cak ɗaya ko 'yan kaɗan, kuma sau da yawa mai biya da cak ɗaya ya fi samun ragi. Duk waɗannan, gida ɗaya da aka daɗe a ciki ya fi gidaje uku da aka yi ta sauyawa sauƙi.

Akwai wata magana da ba a son faɗa a takardar ofis, amma ni zan faɗa maka. Masu gidaje a manyan birane suna tsoron jami'an diflomasiyya, saboda Yarjejeniyar Vienna ta 1961 kan hulɗar diflomasiyya tsakanin ƙasashe ta ba jami'i kariya daga shari'a a sashe na 31, ta kuma hana a kutsa gidansa a sashe na 30. In bai biya ba, fitar da shi aiki ne ja. Don haka mai gida yana duba tarihin ƙasar da ta zo neman haya. Ƙasar da aka santa da jinkirin biya, ko dai a hana ta gidan, ko a ɗora mata ƙari, ko a ce sai ta biya shekara gaba. Na taɓa zama da wata dattijuwa mai gida wadda ta buɗe wata tsohuwar jaka ta fito da wasiƙun tuni guda bakwai da ta aika wa wani jami'in da ya riga ni, duk an ninke su da roba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta yarda ta ba mu gidan, amma da ƙarin da ta ga dama, kuma wata shida gaba. Muka biya, don babu yadda za mu yi. Idan hedikwata na sakin kuɗin haya a makare, wannan jinkirin shi kansa ƙarin haya ne, sai dai ba ya fitowa da sunansa a cikin kasafi. Ka sa a shawararka cewa a ware kuɗin haya daban, a tura shi kafin lokacinsa.

Batun girman gida ba zan daɗe a kai ba, don sananne ne. A rubuta iyaka da murabba'in mita, bisa muƙami da yawan iyali, kada a bar shi a kalmomi irin su "gidan da ya dace da matsayinsa", domin kowa a ganinsa matsayinsa babba ne. Falon karɓar baƙi a bar wa jakada da mataimakinsa, su ne ke tara mutane da gaske. Na ga gida mai falo biyu da teburin cin abinci na mutum goma sha biyu da aka kama wa jami'in da a shekara uku bai gayyaci kowa ba sai abokan aikinsa, kuma duk hunturu ana ɗumama ɗakunan nan babu kowa a ciki.

To ina alawus? Akwai wuraren da ya fi dacewa a ba mutum kuɗi ya nemi gidansa, musamman inda kasuwar haya take a buɗe, doka na aiki, kuma ma'aikatan ba su da yawa. Matsalar ita ce in ka ce "za mu biya duk abin da ka kama har zuwa kaza", to kaza ɗin nan ya zama farashi. Babu wanda zai kawo maka rasit ƙasa da shi, dillalan garin ma sun haddace shi kafin kai. Wasu ma sai su haɗa baki da mai gida, a rubuta kaza a takarda, a raba rarar a bayan fage. Hanyar toshe wannan ita ce ma'aikaci ya ji zafin kuɗin a jikinsa ko da kaɗan ne. Kanada tana cire wa ma'aikacinta wani kaso daga albashi, gwargwadon abin da zai biya da a yankin Otawa yake zaune, gwamnati ta ɗauki abin da ya haura. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma tana da tallafin haya wanda ma'aikaci ke fara biyan wani kaso na albashinsa, sannan a mayar masa da kashi 80 cikin 100 na abin da ya ɗara haka, sauran 20 ɗin nasa ne. Mutumin da ya san kowane ƙari akwai rabonsa a ciki, da kansa zai yi ciniki. In shugabanka na son taɓa alawus, nan ne wurin taɓawa, kuma a yi shi ga sabbin da za a tura, kada a yi wa wanda ya riga ya sa hannu a hayar shekara biyu. Wannan in ka zaftare masa, ko ya ci bashi, ko ya fara jinkirin biya, mu koma maganar dattijuwar nan.

Yanzu kayan gida, inda ɓarnar ta fi ba ni haushi saboda ita ce mafi sauƙin hanawa.

Hanyoyi uku ne: a yi wa mutum jigilar kayansa zuwa da dawowa, ko a ba shi kuɗi ya saya a can, ko ofis ya mallaki kayan ya riƙa zuba wa duk wanda ya zo. Ta biyun ita ce mafi muni, domin duk shekara uku ana sayen sabon gado da sabon firji, kuma na baya ba a san inda suka shiga ba. Ta farkon tana da tsada fiye da yadda ake zato. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin kaya kimanin kubik mita 33, mai ƙafa 40 kuma kimanin 67, kuma ban da kuɗin jirgin ruwa akwai na ɗaure kaya, da inshora, da motar da za ta kai ƙofar gida, sannan a maimaita duka ranar dawowa. Sashe na 36 na Yarjejeniyar Vienna ya yafe wa jami'i harajin kwastan kan kayan da zai zauna da su, amma ya fito fili ya ce ban da kuɗin ajiya da dako da makamantansu. Saboda haka in takardar yafe haraji ta makara, kwantena na zaune a tashar jiragen ruwa kullum ana rubuta mata kuɗin kwana. Ma'aikatan mulki da na fasaha kuma, sashe na 37 ya ba su wannan rangwame ne kawai a kan kayan da suka shigo da su lokacin zuwansu na farko. Ga kuma wuta: firjin da aka yi don bolt 230 na Turai ba zai yi aiki a Amurka mai 120 ba, ko Japan mai 100, sai da taransifoma, kuma na'urar da ke da inji mai juyawa a ciki yana jin bambancin 50 da 60 na bugun wutar ko da an daidaita masa bolt. An biya kuɗin ɗaukar kayan da ba za su yi amfani ba ke nan.

Ta ukun ce nake ba da shawara a duk inda gwamnati ke riƙe da gidaje. Dubi yadda lissafin Amurka yake: ma'aikacinta na da damar jigila da ajiyar kaya har nauyin fam 18,000, amma in gidan da za a ba shi da kaya a ciki, fam 7,200 kawai za a kai masa. Fiye da rabin nauyin ya fita daga jirgi, zuwa da dawowa. Sirrin wannan tsari shi ne a sayi kaya iri ɗaya, masu ƙwari, marasa ƙyale-ƙyale, yadda kujerar gidan wannan za ta zauna da teburin gidan wancan. In iyali mai 'ya'ya huɗu ya gaji gidan mai ɗa ɗaya, gado biyu kawai za a ɗauko daga wani gidan. Katako mai kyau yana wuce shekara goma, wato ya ga mazauna uku ko huɗu, in kujera ta tsufa a sake mata yadi. Katifa da matashin kai kaɗai nake cewa a sabunta wa kowane sabon zuwa, wannan haƙƙin mutum ne kuma kuɗinsa kaɗan ne. Kayan wuta a saye su a ƙasar da ake, don garanti da mai gyara suna kusa, kuma a nemi a dawo da harajin sayayya inda ƙasar ke mayar wa ofisoshin jakadanci, domin ofisoshi da yawa suna barin wannan kuɗi ya wuce wa'adi saboda babu wanda ya cike fom. A kuma ajiye akwati biyu ko uku na tukwane da faranti da zannuwan gado da tawul, a ba sabon zuwa aro har kayansa su iso. Wannan ɗan akwatin shi ke fitar da iyali daga otal tun makon farko.

Amma duk wannan ba ya tsayawa sai da rajista. Kowane kaya da lambarsa a manne, da ranar saye, da gidan da yake. Ranar shiga a zagaya da mai shiga ɗaki-ɗaki, a ɗauki hoto, ya sa hannu. Ranar fita a maimaita, kuma kada a sa masa hannu a takardar sallama sai lissafi ya cika. Abin da tsufa ya ci na gwamnati ne, abin da sakaci ya ɓata na mai zama ne. Sannan a yi hattara da sito. Na taɓa gadar wani sito da ofis ya yi shekaru yana biya wa haya. Da muka buɗe, sai kujeru masu ƙafa uku, da labulen da asu ya cinye, da talabijin irin mai ƙaton baya guda biyar, da kafet ɗin da damshi ya manne da ƙasa. Da muka kira mai gwanjo ya yi musu kuɗi, abin da ya faɗa bai kai hayar siton ta wata biyu ba. Babu wanda ya yi sata, kowa dai tsoron sa hannu a takardar zubar da kayan gwamnati yake, kada mai binciken kuɗi ya tambaye shi. Ka nemi a ba shugaban ofis ikon yin gwanjo sau ɗaya a shekara, da kwamitin mutum uku da rahoto zuwa hedikwata.

Za a tambaye ka batun saye maimakon haya, don haka ka shirya. A birnin da ƙasa ta san za ta zauna shekara talatin ko hamsin, mallaka ta fi, musamman ginin da ke da gidaje shida ko takwas a wuri ɗaya, mai gadi ɗaya, janareta ɗaya, mai gyara ɗaya. Amurka tun 1926 take da dokar da ta ba ta damar saye da gina gine-gine a waje. Birtaniya ta sayar da filin ofishin jakadancinta na Bankok a 2018 kan kimanin fam miliyan 420, ta ce za ta zuba kuɗin a gyaran sauran gine-ginenta. Sai dai gidan da aka saya ba a ware masa kuɗin gyara duk shekara ba, nan da shekara goma sha biyar zai zama kango, ma'aikaci ya ƙi shiga, a koma kama masa haya, ana biyan biyu. Kuma ba ko'ina ake barin gwamnatin waje ta sayi gida kai tsaye ba. A Amurka dokar 1982 ta wajabta a sanar da ma'aikatar harkokin wajensu kafin saye ko sayarwa, kuma suna duba yadda ake yi wa nasu a ƙasarka. Haka nan yafe haraji na sashe na 23 na Yarjejeniyar Vienna ya shafi ginin ofis da gidan jakada ne, gidajen sauran ma'aikata sai an yi yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu. A tambaya tukuna kafin a ƙirga shi cikin riba.

Wuri biyu ne ba na yarda a taɓa. Tsaron gida, da nisan da ke tsakaninsa da ofis da makarantar yara. Gidan da ya yi araha saboda yana bayan gari, abin da aka rage a haya zai dawo ta man mota da direba da ma'aikacin da ke isowa aiki a gajiye, kuma iyalin da suka kasa zama suka nemi a mayar da su gida bayan shekara ɗaya sun sa an biya duk kuɗin canji sau biyu.

A mako ukun da aka ba ka, makon farko aika wa kowane ofis takarda mai shafi ɗaya. Su faɗa maka, na shekara uku da suka wuce, kwana nawa aka biya otal, wata nawa aka biya hayar gida babu kowa a ciki, nawa aka rasa na kuɗin ajiya da tara da la'adar dillali, nawa aka kashe kan jigila da sabbin kayan gida, da ranar da kowace yarjejeniyar haya za ta ƙare tare da ranar da mazaunin gidan zai tashi. Wasu ofisoshin ba za su iya amsa tambayar kaya ba don ba su da rajista, wannan ma ka rubuta shi a rahoton. Ka jera jimlar a gefe ɗaya, abin da zaftare kashi 10 zai kawo a ɗaya gefen, ka kai wa shugaban sashenku, sannan ka nemi a fara gwaji da ofisoshi biyu ko uku da suka fi yawan ma'aikata, waɗanda hayarsu za ta ƙare a shekara mai zuwa.